Watt 5000 a jikin kwali ƙarya ce, je ka ji da kunnenka

Yau ba gyaran waya zan koyar ba, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Makon jiya wani kwastomana ya kawo waya canjin sikirin. Muna zaune sai ya nuna min hoton sifikar da ya saya, an rubuta 5000W ɓaro-ɓaro a kwalinta. Kuɗin da ya tara wata biyu ya zuba, amma da ya kai gida sai "dum-dum" kawai take yi, muryar mawaƙi ba ta fita. Na ce a ina ka ji ta kafin ka biya? Ya ce a bidiyo ya gani, kuma mai shago ya kunna masa. Na ce nuna min adaftarta. 12V, 2A. Lissafin firamare ne, 12 sau 2, watt 24. Iyakar wutar da ke shiga kenan. Ta ina 24 zai shiga 5000 ya fito? Aljanu ne a ciki?

Wannan lambar ita ake kira PMPO, kuma ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Wadda za ka nema ita ce RMS. Ita ma ɗin ba ta gaya maka daɗin sauti. In ka ninka watt sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunnenka ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ninka watt kusan sau goma. To mene ne na tinƙaho da lamba?

Masu "gwajin sifika" a bidiyo kuwa, da su nake. Ka ɗauki sautin da ɗan makirufon waya, manhaja ta matse shi, mai kallo ya saurara ta sifikar wayarsa. Ni kullum sai na buɗe waɗannan sifikun, ba su fi farcen yatsa girma ba. Sautin ƙasa irin na haz 40 ko 60 ba ta iya fitar da shi ko za ta mutu. Abin da kake ji wayarka ce, ba kayan da ake talla ba. A shago ma haka: janareto na ruri, shago uku na kiɗa lokaci guda, mai kaya ya murɗa bes har ƙarshe. A wannan hayaniyar duk abin da ya fi ƙara shi ne zai zama "mai kyau".

Ni ma da haka nake. Abin da ya canza ni shi ne ziyara. Mu huɗu ne, ranar Lahadi in an tashi kasuwa mukan je gidan ɗaya daga cikinmu ko na wanda muka sani, mu zauna mu saurari kayansa. Wata rana aka kai mu wajen wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo. Amfilifayarsa tsohuwar Sansui ce 'yar Japan, ta girme ni nesa ba kusa ba, watt 30 a kowane ɓangare. Wallahi a raina na raina ta. Ya ce, "Yaro, zauna nan tsakiya, kar ka jingina da bango." Ya sa Ɗan Maraya Jos. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, amma ranar na fara jin yadda ake kaɗa ta, kamar mutumin na zaune gabana tsakanin sifikun biyu. Ya canza zuwa Shata, sai ga kalangu yana hawa da sauka daban, 'yan amshi daban, ba wanda ya danne wani. Ƙarar ma bai kai ta rabi ba. Na ce, "Baba, mene ne sirrin?" Ya nuna min kafet, labule mai kauri, da sifikun da ya janye daga bango ya ɗora su daidai kunnen wanda ke zaune.

Sati na gaba muka je ɗakin abokinmu, kayansa sun ninka na Baba tsada. Tayil a ƙasa, bango fayau, ufa a cuse a kusurwa. Sauti sai amsa kuwwa yake kamar rijiya. Muka duba baya, ashe wayar sifika ɗaya a juye take, ja a wurin baƙi. In aka yi haka ɗaya na tura iska ɗaya na ja, sai bes ɗinsu ya kashe juna, muryar ta rasa tsakiya. Muka gyara wayar, muka janyo ufar, aka shimfiɗa darduma biyu. Ko sisi bai kashe ba, shi da yake shirin sayar da kayan a asara.

Na san wani zai ce wannan harkar 'yan gayu ce, nuna arziki ne. Akwai masu yin haka, ban musa ba, na taɓa zama awa guda wani na lissafa min farashi bai kunna komai ba. Amma talaka ne ya fi buƙatar ziyarar. Mai kuɗi in ya yi kuskure sai ya sayi wata. Kai da ka tara da gumi, sau ɗaya za ka saya.

In za ka je, yi waya tukuna, kar ka faɗo wa mutum gida. Tafi da waƙa biyu ko uku da ka sani sosai, kuma mai inganci, ba wadda aka matse ta sha yawo daga waya zuwa waya ba. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da yawancinmu ke da shi 128 ne, kayan kirki kuwa tona asirin fayil mara kyau suke yi. Kar ka taɓa masa maɓalli sai ya ce ka taɓa, kar ka tambayi nawa ya saya. Dan Allah kar ka ɗauki hoton ɗakinsa ka watsa, ɓarayi ma suna da waya. A kula da maƙwabta da lokacin salla. Ƙarar kuma a bi a hankali, desibel 85 awa takwas ne iyakarsa ga kunne, duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu.

In ka ji tsohuwar amfilifaya ta burge ka har ka nemi ta gwanjo, duba bayanta kafin ka jona. Wadda aka yi don kasuwar Japan 100V take sha, ta Amurka 120V, wutarmu kuwa 230V ce. Ba tiransifoma mai rage wuta, hayaƙi za ka gani.

Kwastoman nan nawa dai mai shago ya ƙi karɓar kayan, wai an buɗe kwali. Ranar Lahadi zan ɗauke shi mu je wajen Baba, na ce ya taho da waƙar da ya fi so.