A Riga Mai Igiya Isa Gona

Duk wanda ya bi ta Ungogo ko Kumbotso a 'yan shekarun nan ya san yadda Kano take faɗaɗa. Magada su sayar da gonar gado, dillali ya zo da igiya da turaku, kafin la'asar an yanka ta fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Shi ke nan an kafa unguwa, ba titi, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta.

A irin wannan unguwa ta awon igiya nake zaune da iyalina. Lungunmu in adaidaita sahu ta shigo, sai ta gabanta ta koma da baya. Hanyar da ma ƙarama aka bari, sannan kowa ya ƙara cin taku biyu, wannan da dakali, wancan da ramin masai. Da damina ruwa ba shi da mafita sai zaurukan mutane. Na ga an tallabo mai naƙuda da tsakar dare har bakin titi, domin mota ba ta isa ƙofar gidanta. Motar 'yan kwana-kwana kuwa, Allah dai ya kiyaye.

Ba na ganin laifin wanda ya saya. Malamin firamare ko ɗan kasuwar da ya gaji da haya, abin da aljihunsa ya kai shi zai nema. Laifin yana ga yadda aka raba iko da nauyi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ne kuma yake ayyana inda birni ya tsaya. Ƙaramar hukuma ta samu filayen karkara kawai. Amma tsarin mulki na 1999 ita ya ɗora wa tituna na cikin unguwa, da magudanan ruwa, da maƙabartu, da kwashe shara, har da sa wa gidaje lamba. Wato ana yanka gona ba da saninta ba, daga baya a ce ta zo ta yi kwata a inda ba a bar wurin kwata ba.

Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta shigar, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka maganar tana hannun Majalisar Dokokin Jihar Kano, ba sai an jira Abuja ba.

Abin da nake roƙo shi ne dokar jiha da za ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma da birni ya doso ta fitar da taswirar gonakinta cikin wa'adi sananne: ga inda titi zai bi, ga hanyar ruwa, ga makaranta da asibiti da maƙabarta, ga kuma gonakin da za su zauna gonaki. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta duba ta amince, a liƙa taswirar a sakatariya da ƙofar dagaci. Dole kuma a yarda da ƙananan fulotai a cikin tsarin. Rukunin gidaje irin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suna da kyau, amma ba su ne amsar mai sayar da kayan miya ba. In tsari ya fi ƙarfin talaka, wurin dillali zai koma.

Haka batun sauya amfanin fili. Ka kwana da maƙwabcin gida, ka tashi da gidan mai ko jerin shaguna, ba wanda ya tambaye ka. Rusau na watan Yunin 2023, da ya ci gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya nuna tsadar wannan: wata gwamnati ta ba da izini, wata ta turo katafila, dukiya ta zama ɓaraguzai. Da doka ta tilasta sanarwa da zaman jin ra'ayin mutanen unguwa kafin a sauya fili, da an yi gardamar tun ba a aza bulo ba.

Za a ce ƙananan hukumomi ba su da ma'aikata, kuma wasu shugabanninsu su ne za su fara cinye filayen. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa nake so taswirar ta zama a fili, a kuma hana ba da takardar mallaka ga duk fulotin da ya saɓa mata. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ɗaukar masu safiyo da masu tsara gari yana cikin abin da ya kamata kuɗin ya fara yi.

Unguwarmu ta riga ta ginu, gyaranta sai da rusa gidajen bayin Allah. Gonakin Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa kuwa har yanzu akwai sauransu, amma dillalai sun riga sun fara zagaya su.