Tsaron wa ake yi? Tambayar da ta shafi Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ranar Juma'a, 1 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Saya-Saya da ke Ƙaramar Hukumar Ikara lokacin sallar Isha'i, suka kashe mutum bakwai, mafi yawansu cikin masallaci. Wannan yanki, har da Maƙarfi da Kudan, bai sha azabar da Birnin Gwari da Giwa suka sha ba, don haka harin ya girgiza jama'a. Bayan irin wannan musiba, kiran da ake ji guda ne: a ƙaro sojoji da makamai. Kira ne mai hujja, sai dai akwai tambayar da ya bari a baya.

Tun bayan ƙarshen yaƙin cacar baka, wasu malaman jami'a suka soma ƙalubalantar tsohon karatun tsaro, wanda ya mayar da hankali kan kare gwamnati da iyakokinta. Ken Booth na Jami'ar Aberystwyth a Birtaniya ya ce mutum ne ma'aunin tsaro, domin sau da yawa hukuma kan zauna daram alhali talakanta yana kwana cikin fargaba. Barry Buzan da Ole Wæver, a littafin da suka fitar tare da Jaap de Wilde a 1998, sun nuna cewa da zarar mai mulki ya kira wani abu "matsalar tsaro" jama'a kuma suka amince, sai ya samu damar tsallake ƙa'ida da kauce wa tuhuma. A Zariya ma, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya koyar da ɗalibansa su binciki wanda ke cin ribar kowane rikici, kamar yadda ya yi a littafinsa na 1987 kan yadda ake sarrafa addini don biyan buƙatun siyasa.

Idan aka ɗora al'amuran Kaduna a wannan sikeli, abubuwa uku za su bayyana. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta kuma hana hawa babur na tsawon wata uku. An yi hakan don a toshe hanyar 'yan bindiga, amma manomin rake a Maƙarfi da mai tumatir a Hunkuyi da Furana, waɗanda babur ne ƙafarsu zuwa gona da asibiti, su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Sannan a ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, Ƙaramar Hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu a hannun waɗanda aka ɗora wa kare su. Na uku shi ne kuɗin tsaro da ake ware wa shugabanni ba tare da bin diddigi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai kimanin dala miliyan 670 a shekara a faɗin Najeriya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗalibin fiƙihu. Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don kiyaye addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya, kuma Suratu Ƙuraish ta ambaci kuɓuta daga yunwa da kuɓuta daga tsoro a wuri guda. Ke nan matakin da ya hana manomi kai amfaninsa kasuwa ya taɓa ɗaya daga cikin abubuwan da aka ce a kiyaye, dole a auna cutarwarsa da amfaninsa kafin a zartar.

Binciken masana ba zai kori ɗan bindiga daga daji ba, kuma jami'an da ke ba da rayukansu sun cancanci addu'a da goyon baya. Amma malamai da hakimai da iyayen gida suna da haƙƙin tambayar duk wani mataki da aka kawo da sunan tsaro: wa zai kare, wa zai cutar, nawa aka kashe, yaushe zai ƙare? Shugabanci amana ne, wanda aka ba amana kuwa ba ya ƙin a tambaye shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.