Filin Madafa da Lafiya: Zoɓo da hawan jini



Abin da ya sa na ɗauko zancen zoɓo yau, wata baiwar Allah ce a ƙungiyarmu. Likita ya ɗora ta kan maganin hawan jini, wato tansiyo, tana sha lafiya lau. Sai ta ji a gidan biki cewa zoɓo na sauke jini, ta ajiye ƙwayoyin, ta koma sayen na leda mai sanyi, uku a rana. Ranar zubi muka ga tana dafe kai, ta ce jiri take gani. Da aka kai ta awo, jinin ya hau har 18. Allah ya taƙaita, ta koma kan maganinta. Amma da ta faɗi fa? Wa zai riƙe mata yara, wa zai biya mata bashin asusu?

To, maganar da ta ji ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A jami'ar Tufts ta Amurka an gwada mutum 65 da jininsu ya fara hawa, aka buga sakamakon a 2010. Wasu sun sha kofi 3 na shayin zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta ragu da kusan maki 7. Sai dai ku lura, su lissafinsu na 140 da 90 ne, wanda mu nan muke kira 14/9. Ke nan maki 7 bai cika lamba ɗaya ba a namu lissafin. Mai 15 za ta dawo kusa da 14, mai 18 kuwa tana nan cikin haɗari. Zoɓo mataimaki ne, ba ya ɗaukar aikin ƙwaya.

Abu na biyu, irin wanda muke ƙullawa a leda, zaƙinsa ya fi ƙarfin amfaninsa. Mu da muke haɗawa mun san yawan sukarin da muke zubawa a bokiti kafin tsamin ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Ki haɗa na shayi da na koko da na hura, ki ƙara leda uku na zoɓo, kin ga an wuce gona da iri. Yawan sukari na kawo ƙiba, ita kuma ƙiba ƙawar hawan jini ce da ciwon sukari.

Ga yadda nake haɗa nawa na sha a gida. Ki samu busasshen zoɓo mai ja sosai, wanda ba ya warin ruma. Ki ɗebi cikin hannu ɗaya, ki ɗauraye shi sau biyu da sauri don yashi ya fita, kada ki jiƙa ki zubar da launin. Ki tafasa ruwa lita ɗaya da ɗan yankin citta da kanumfari huɗu ko biyar. In ya tafasa ki sauke, ki zuba zoɓon, ki rufe minti 10, ki tace. Ana sha da ɗumi ko da sanyi. In tsami ya yi miki yawa, ƙara ruwa, ko ki sa na'ana'a ko wankakken ɓawon abarba. Sukari, in ya zama dole, ƙaramin cokali ɗaya a kofi.

Kanwa kuma a bar ta. Na san wasu na jefa ta don kashe tsami, amma ƴar uwar gishiri ce, mai hawan jini kuwa rage gishiri aka ce ta yi. Ita ce ma ke mayar da zoɓo baƙi. Kada kuma ki bar shi ya kwana a tukunyar alminiyam, tsaminsa na cin ƙarfen. Ki juye a kwalba ko roba mai murfi, ki shanye a ranar in babu firigo, don a zafin bazara ba ya daɗewa yake yin kumfa.

Akwai waɗanda za su yi hattara. Mai ciki kada ta mayar da shi abin sha na kullum sai ta tambayi ungozoma a wurin awo. Wadda jininta ke ƙasa, yawan sha zai iya sa ta jiri. Wadda ke kan ƙwayar hawan jini ko ta sukari ta faɗa wa likita tana shan zoɓo, kada biyun su haɗu su sauke fiye da kima. Jan nan nasa kuma launi ne, ba jini ba. Wadda idonta ya yi fari ta je a gwada ta.

Ku masu sana'ar zoɓo, ban zo kashe muku kasuwa ba. Ku ƙulla iri biyu, mai sukari da marar sukari, ku bambanta ƙullin. Dattawa da masu ciwon sukari na nan suna nema, musamman lokacin azumi, kuma kuɗin sukarin ya zauna a aljihunku.

A taron wannan mako, bayan an rufe akwati, ina roƙon shugabar kowace ƙungiya ta tambaya: wa ta yi awon jini a bana? Hawan jini sau da yawa ba ya sallama. Ku je tare, awon ba ya cin minti biyar.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.