Ba Ƙugiya Ce Ta Yi Laifi Ba, Lalacin Mai Manhaja Ne



Makon jiya sakataren wata ƙungiyarmu ya nemi sunan wani dattijo a manhajar rajista. Ya rubuta "ɗanladi", manhaja ta ce babu. Alhali sunan na nan, da manyan baƙaƙe: ƊANLADI. Saura kaɗan a cire bawan Allah daga jerin masu karɓar tallafi. Da aka kai koke wurin wanda ya haɗa manhajar, sai ya ce wai mu daina sa ƙugiya, kowa ya huta. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. A tsarin ASCII na Amurka, "A" lamba 65 ce, "a" kuma 97, kuma tazarar 32 ɗin nan haka take har zuwa Z. Malalacin mai manhaja sai ya tsaya nan. To amma a Unicode, Ɗ lamba 394 ce, ɗ kuma 599. Ɓ na 385, ɓ na 595. Ƙ da ƙ kuwa maƙwabta ne, 408 da 409. Dabarar 32 ba za ta taɓa haɗa su ba.

Ko SQLite, rumbun bayanan da ke cikin wayoyin Android, umarninsa na LIKE baƙaƙen A zuwa Z kaɗai yake daidaita babba da ƙarami, sai an ƙara masa ICU. Masu shi sun rubuta haka ƙarara a bayanansu. Wanda bai karanta ba shi ne da laifi.

Kuma magani na nan tuntuni. Baƙaƙenmu suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kowanne an haɗa shi da babbansa. Umarnin casefold na Python ya san su, haka toLowerCase na JavaScript. Turkawa ma suna da irin wannan matsala da "i" mai ɗigo da marar ɗigo. Ba su watsar da harafinsu ba, aka tanadar musu ƙa'ida ta musamman.

Masu cewa a zubar da ƙugiya, ku gaya mini: "ya kasa" da "ƙasa" ɗaya ne? "Baki" da "baƙi" fa? "An ba ta" da "an ɓata"? Idan takalmi ya matse, takalmin ake canzawa, ba a yanke ƙafa.

Don haka duk wanda zai biya kuɗi a haɗa masa manhaja, ya gwada kafin ya biya. Ya shigar da ƘANƘARA, ya nemi "ƙanƙara". In bai fito ba, aiki bai ƙare ba, kada ya ba da ko sisi.

Ku gwada a manhajojin da ke hannunku yau, ku faɗa mana abin da kuka gani a ƙasa. Allah Ya sa mu dace.