Sikanin Na Nuna Hanya, Amma Allura Ce Ke Tabbatar da Sankarar Huhu

Duk mai bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, ya san darajar kalmar "sikanin" a bakin majinyata. Da yawa ba sa yarda an duba su sai an shafa musu man nan mai sanyi an ɗora na'ura. Yanzu kuma ga sabon albishir: wai manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta karanta hoton ta gano sankarar huhu. Idan muka karɓi wannan magana yadda ake tallata ta, za mu yi asarar rayuka.

Sikanin da sauti yake aiki, wanda kunne ba ya ji. Sautin na ratsa ruwa da tsoka, amma da ya ci karo da iska sai ya dawo. Huhu kuwa jakar iska ce. Abin da na'urar ke gani daga wajen ƙirji shi ne ruwan da ya taru a gefen huhu, da ƙarin da ya manne da bangon ƙirji. Ƙarin da ke can ciki ba ya fitowa, kuma babu manhajar da za ta karanta abin da bai shiga hoto ba. Majinyacin da aka ce masa "sikanin bai nuna komai ba" zai koma gida da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Fasahar tana da gurbinta. Akwai dabarar EBUS, inda ake zura siririn bututu mai kan sikanin ta maƙogwaro har cikin hanyoyin iska, a duba kaluluwar tsakiyar ƙirji. A nan manhaja na iya taimaka wa likita ya zaɓi wadda zai soka. Amma hukunci yana wurin naman da allura ta ɗebo, bayan masani ya duba shi a madubin ɗakin gwaji.

Matsalarmu ta gida kuma daban ce. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, alamominsa kuwa su ne na sankarar huhu: tari mai daɗewa, rama, jini a majina. Shi ma yana kumbura kaluluwa. Manhajar da ba a gwada ta a kan majinyatanmu ba, ta yaya za ta bambance su? Maganin tarin fuka wata 6 ake sha. Mai sankarar da aka ɗora a kansa bisa zato ya yi asarar watannin da tiyata za ta iya cetonsa. A 2022 wannan cuta ta kashe kusan mutum miliyan 1.8 a duniya, fiye da kowace sankara, galibi saboda makara wajen gano ta.

Don haka kafin hukumomin lafiya na Kano su kashe kuɗi kan manhaja, su fara da abu uku. A horar da likitocin da za su ɗebo nama da jagorancin sikanin. A ƙara masu duba naman, sakamako ya riƙa fita cikin kwanaki. A kuma kafa ƙa'ida: duk wanda gwajin GeneXpert bai nuna masa tarin fuka ba, ko ya sha magani wata 2 bai ji sauƙi ba, a tura shi hoton CT da ɗibar nama.

Kai kuma mai karatu, in ɗan'uwanka ne ke tarin, tambayi likita kai tsaye: da wane gwaji aka tabbatar da cutar?