Launin Ja Ba Hujja Ba Ne: A Riƙa Neman Lambobin Da Ke Bayan Hoton

Da zarar damina ta kankama, sai wayoyin matasan Gaya da Ajingi su cika da taswirori masu launi. Wani ya turo a WhatsApp, an shafe Ajingi da ja, a ce ambaliya ta taho. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil kuma, ɗalibin injiniya kan nuna hoton kwalbati ko gada da ya zana a kwamfuta, wani gefen shuɗi, wani ja. Duk matsalar iri ɗaya ce, ana yanke hukunci da launi ba tare da an ga lamba ba.

Manhajoji irin su COMSOL da ANSYS suna yanka abu zuwa dubban ƙananan gutsattsari, su lissafa nauyi ko zafi ko matsin ruwa a kowanne, sannan su shafa wa sakamakon launi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, manhajar kan tsara ma'aunin launin da kanta. Ja na nufin lamba mafi girma a cikin wannan hoton kawai. Ƙarfen da matsin da ke kansa bai wuce megapaskal 20 ba zai fito da ja, wanda ya kai 300 ma haka. Alhali ƙarfe mai laushi kan fara lanƙwasa ne a wajen 250. Na farko lafiyarsa ƙalau, na biyu ya gaza, amma a fuskar waya kamar tagwaye suke.

Shi ya sa bai kamata malami ya karɓi aikin ɗalibi da hoto kaɗai ba. Fitar da lambobin ba wuya: a COMSOL akwai sashen fitar da bayanai zuwa fayil ɗin CSV, ana kuma iya ja layi a kan zanen a karanta ƙimar kowane wuri. Wannan fayil yana buɗewa a Excel ko Google Sheets, ko da a ƙaramar wayar Android. Wanda ba shi da kwamfuta ma zai iya bin sawun lissafin.

Wasu za su ce lambobi na rikita talaka, launi kuwa kowa na ganewa. Gaskiya ne hoto na saurin isar da saƙo, amma saurin ba ya hana shi ruɗarwa. Ajingi na bakin kogin da ya ratso Wudil ya nufi Haɗeja, ga madatsun Tiga da Challawa a samansa. Manomin fadama yana bukatar sanin tsayin da ruwa zai kai da ranar da zai iso, don ya san ko zai kwashe shinkafarsa. Taswirar da aka datse ma'auninta da kwanan watanta ba ta da wannan amsa.

Su ma lambobin sai an tantance su. A Agustan 1991, ginin kankare na dandamalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse a ƙasar Norway, bincike ya gano lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin matsin da ke kan bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari. Sai da lamba a hannu ake iya gwada ta da lissafin takarda a gano irin wannan kuskure.

Don haka kafin matashi ya tura taswira gaba, ya duba abu uku: ma'aunin launin, ranar da aka fitar da ita, da hukumar da ta fitar, NiMet ce ko NIHSA. Idan babu ko ɗaya, ya riƙe hannunsa. Gani ya kori ji, amma fa sai idan an san abin da aka gani.