Digiri 45 da Ruwan Tiyo: Karatun da Bai Taɓa Jiƙewa Ba

Duk yaron da ya taɓa riƙe tiyo a lambun rani a Ruwan Bago ya san wani abu tun kafin ya shiga sakandare. In ya kwantar da bakin tiyon, ruwan zai zube a gabansa; in ya ɗaga shi sama sosai, ruwan zai dawo masa a ka; a tsakani kuma akwai wata ɗagawa da ke kai ruwan can ƙarshen fangali. Ba wanda ya koya masa, rigarsa ce ta yi ta jiƙewa har ya gane. Sai ya shiga aji, malamin fiziks ya juya masa ƙeya, ya rubuta a allo da Turanci cewa abin da aka harba yana kai iyakar nisansa ne a kusurwar digiri 45, a haddace saboda jarabawar WAEC da NECO. Yaro ya haddace. Bai taɓa kawowa a ransa cewa zancen allon nan zancen tiyon mahaifinsa ba ne, malamin ma bai faɗa masa ba.

Wannan karatun aku ne, kuma asararsa ta wuce ta maki. An raba lissafin da ruwan da aka haife shi a ciki, sannan aka ba yaro lamba ɗaya a matsayin gaskiya yankakkiya, alhali ga ruwan da ke fita daga tiyo lambar ba daidai take ba.

Asalin maganar daga Italiya take. A 1638 Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda: yana yin gaba da gudun da aka ba shi, ƙasa kuma tana janyo shi, tana ƙara wa faɗuwarsa gudun mita 9.8 a kowace daƙiƙa. Haɗuwar biyun ita ke zana bakan nan da kowa ke gani. Almajirinsa Torricelli ya ɗora a 1644, kuma da ruwa ya yi aikin: ya nuna cewa ruwan da ke tsartuwa daga hujin tanki yana fita da gudun da dutse zai samu in an sako shi daga saman ruwan zuwa daidai hujin. Wato ruwa na cikin tushen wannan ilimi tun fil azal. Manhaja ce ta shanya shi, ta bar ƙwallo da harsashi.

Lissafin kansa ba dodo ba ne. Tankin da ruwansa ya ɗara bakin bututu da mita 10 zai fitar da ruwa da gudun mita 14 a daƙiƙa. A ninka 14 da kanta, a raba da 9.8, a sami mita 20: iyakar nisan da ruwan zai kai ke nan a digiri 45, ninki biyu na tsayin tankin. A digiri 30 zai kai mita 17 da ɗoriya. A digiri 60 ma haka, domin kowace kusurwa biyu da suka haɗa 90 zangonsu ɗaya ne. Amma hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne darasin yake. Na digiri 30 zai tashi mita 2.5 kawai, ya sauka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Na digiri 60 sai ya hau mita 7.5, ya shafe kusan daƙiƙa biyu da rabi yana shawagi. Na 45 kuwa mita 5 ne da daƙiƙa biyu.

Duk wannan a duniyar da babu iska ne. Galileo ya san da haka, ya kuma faɗa. Malamin da ya gaji lambar ne ya yar da sharaɗin. Ruwa ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Da ya bar bakin tiyo sai ya fara tarwatsewa, ya koma ɗigo-ɗigo, iska kuma ta fi ƙarfin ƙaramin ɗigo. Duk daɗewar da ya yi a sama, ƙarin dama ce ga iska ta rage masa gudu. Wani injiniya a Amurka, John R. Freeman, ya gwada mesar 'yan kwana-kwana, ya fitar da sakamakon a 1889: ruwan ya fi nisa ne a wajen digiri 32. Masu ƙera manyan na'urorin feshin gona ma ba su kula da 45 ba; yawancinsu digiri ashirin da 'yan kai suke kafa bakin. Noman rani a yammacin Kano kuwa da hunturu yake tafiya. Busasshiyar iskar arewa maso gabas, wadda ke fasa leɓe, ba za ta ƙyale ruwan da aka cilla mita biyar sama ya sauka inda aka nufa ba: wani ta kai shi gonar maƙwabci, wani ta shanye shi kafin ya taɓa ƙasa. Yaron da hannunsa ya saba da ɗagawa ƙasa da rabi ya fi allon gaskiya, amma da ya rubuta hakan a jarabawa da jan biro zai sha.

Za a ce, ai manoman Karaye da Rogo ba feshi suke yi ba. Inji suke tayarwa, tiyo ya malala ruwa a magudana, magudana ta kai shi fangali. Ina ruwansu da kusurwa? Haka ne, yawancinsu malale suke yi. Sai dai lissafin nan ya fi yi musu amfani a kwance. A ɗaga bakin tiyo mita 1.25 daga ƙasa, a riƙe shi a miƙe, kada ya kalli sama ko ƙasa, ruwa kuma ya cika bakin. Daga wannan tsayi rabin daƙiƙa ruwa ke yi ya faɗi, ko da wane gudu ya fito. Saboda haka a auna nisan da ya sauka, a ninka biyu, an sami gudunsa. In ya sauka a mita 1.5, gudunsa mita 3 ne a daƙiƙa, kuma a tiyo mai inci uku wannan kusan lita 14 ce a kowace daƙiƙa, durom mai lita 200 cikin daƙiƙa 15. Mai shakka ya kawo durom ya gwada. Igiyar awo dai ta fi durom sauƙin ɗauka zuwa fadama.

Mutumin da ya san wannan lamba ya daina zama makaho a gaban injinsa. Zai gane ko abin da mai shago ya rantse masa a kai gaskiya ne. Zai gane ranar da injin ya fara gajiya, ko tiyo ya lanƙwashe, ko matatar ta toshe da yashi, tun kafin tumatir ya yi yaushi ya ba shi labari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da inji ya sha ba tare da ya ba da ruwanta ba, daga tukunyar gida aka cire ta. Wanda kuma ke mafarkin feshi ya kamata ya san kuɗinsa: ninka zango yana bukatar ninka matsin ruwa, ninka matsi a kan yawan ruwa ɗaya kuwa ninka aikin inji ne. Madatsar Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 900. Injiniyoyi sun auna wannan. Ruwan da ke fita daga tiyon talaka ne ba wanda ya damu ya koya wa ɗansa aunawa.

Uzurin da aka saba ji shi ne babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Wannan uzuri ya karɓu ga darasin lantarki ko na sinadarai; a nan bai karɓu ba. Jarka ɗaya, ƙusa ɗaya da fili a bayan aji sun wadatar. A huda jarkar a wuri uku, kusa da sama, tsakiya da kusa da gindi, a cika ta, a cire murfin, a ajiye ta a ƙasa, a tambayi ɗalibai wanne huji ne zai fi tsarta ruwa nesa. Yawancinsu za su ce na ƙasa, tun da shi ya fi matsi. Sai a buɗe su gani: na tsakiya ne. Na ƙasa yana da gudu amma ba shi da lokacin tafiya, na sama yana da lokaci amma ba shi da gudu. Nisan na tsakiyar zai kusa kai tsayin ruwan da ke cikin jarkar, ya gaza da ɗan kaɗan, kuma malamin kirki a kan wannan ɗan kaɗan zai tsaya ya tambayi ajin ina ya tafi.